Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ƙarfi, Sauri Da Juriya Kafin Kofi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a Sanyinna

 



Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin in ce wani abu game da wasanni, kasancewar a cikin abubuwan da za a tattauna yau akwai maganar gudummawar da ƙungiya ke son bayarwa ga sashen wasanni na makaranta. Na ga shawarwarin da 'yan'uwa suka kawo. Wasu sun ce a sayo rigunan ƙwallo da takalma, wasu sun ce a sa babban kofi mai ɗauke da sunan ƙungiya, wasu kuma sun ce a ɗauki nauyin bikin gasar gidaje ta bana, tun daga rumfuna da lasifika har zuwa abincin baƙi. Duk cikinsu babu na yarwa. Amma ni abin da na zo in roƙa shi ne, kafin riga da kofi da rumfa, mu fara sa kuɗinmu da hankalinmu a kan jikin yaron da zai sa rigar, wato ƙarfinsa da saurinsa da juriyarsa. Zan yi ƙoƙarin kawo dalilaina, in an gamsu a ɗauka, in ba a gamsu ba a yi mini afuwa.

Bari in fara da wani lissafi da ya daɗe yana damuna. A gasar Olamfik da aka yi a birnin Faris a 2024, Nijeriya ta tura 'yan wasa sama da 80, suka dawo gida ko tagulla babu. A wannan gasa dai, wata yarinya mai suna Julien Alfred, daga wani ɗan tsibiri da ake kira Saint Lucia, ta lashe tseren mita 100 na mata cikin daƙiƙa 10.72. Jama'ar ƙasarta gaba ɗaya ba su kai dubu 200 ba. To, Ƙaramar Hukumar Tambuwal ita kaɗai, a ƙidayar 2006, ta haura mutum dubu 220, ban da Kebbe mai sama da dubu 120. Ke nan idan da yawan jama'a ne ke kawo lambar zinariya, da tuni akwai guda rataye a Sanyinna ko Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi.

Ina yarinyar nan ta koyi gudu? Tana 'yar shekara 14 ta tafi Jamaika karatun sakandare. Ita kuwa Jamaika, wadda mutanenta ba su kai na Jihar Sakkwato yawa ba, tun 1910 take gudanar da gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta makarantun sakandare, kuma makarantun ba sa jiran sai mako biyu kafin gasa su fara shiri, shekara suke yi suna horo. Daga irin wannan makaranta Usain Bolt ya fito, wanda a 2009 a birnin Balin ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58. Haka abin yake a Kenya, inda wani malami ɗan ƙasar Ayalan, Colm O'Connell, ya mayar da makarantar sakandare ta St Patrick da ke garin Iten matattarar zakarun dogon gudu. Shi ya horar da David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a tseren mita 800 a Landan a 2012. A duk waɗannan wurare, filin makarantar sakandare ne mafari.

Mu kuwa ba mu rasa iri ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon kokawa ko dambe da kaka a ƙasar nan, ya san akwai ƙarfi a jikin samarinmu. Ba banza ba Ɗan Anace ya shafe rayuwarsa yana yi wa irin su Shago da Ɗandunawa waƙa. Ga maƙwabtanmu na Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifi, ana iyo da tseren jirgin ruwa da kokawa. Ga 'yan'uwanmu na Nijar, da suka mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobi. Kai, ko langa da muka yi muna yara, wadda yanzu wasu ke rainawa, idan ka duba da kyau horo ce babba, domin yaron da zai riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ya yi tsalle da ɗaya, a bangaje shi bai faɗi ba, ya sami ƙarfin gwiwa da na ƙugu irin wanda masu horar da 'yan wasa a Turai ke ɓata lokaci suna nema wa yaransu. Addininmu ma bai hana ba. Malamai da ke nan sun fi ni sanin ruwayoyin da suka zo cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya kayar da Rukana a kokawa.

A nan ne wani zai ce, to, tunda yaranmu manoma ne, sun saba da galma da jan guga da ɗaukar dami, wane ƙarfi kuma ake so a koya musu? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ta sa makarantu da yawa ba su ɗauki horon jiki da muhimmanci ba. Amsar ita ce, jiki yana ƙwarewa ne a kan abin da aka saba masa da shi, ba a kan wani abu daban ba. Noma yana gina baya da kafaɗa da damtse, yana koya wa mutum yin aiki a hankali na tsawon yini. Wasa kuwa yana buƙatar a fitar da ƙarfi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, a tsaya cak, a juya, a sake fita. Ƙafar mai tseren mita 100 ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa a kowane taki. Duk ƙarfin da bai fito cikin wannan ɗan lokaci ba, bai amfane shi ba. Shi ya sa za ka ga ƙato wanda zai ɗaga buhun gero shi kaɗai, amma wani siririn yaro ya bar shi a baya da taki goma. Ƙarfin noma tushe ne mai kyau ƙwarai, ya ba yaranmu rata a kan 'yan birni, amma sai an yi gini a kansa.

Mu ɗauki ƙwallon ƙafa, tunda ita ce ta fi shiga ran ƙannenmu. Ƙwararren ɗan wasa yakan yi tafiyar kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma idan aka tara lokacin da ƙwallo ke ƙafarsa, ba ya kai minti uku cikin minti 90. Sauran lokacin duk gudu ne da tsalle da gogayya da neman wuri. To, a yawancin makarantunmu yaya ake atisaye? Da an tashi la'asar sai a jefa ƙwallo ɗaya tsakiyar fili, a raba yara gida biyu, a yi ta bugawa har magariba. Wato muna horar da minti uku, mun bar minti 87 ga sa'a.

Manyanmu da ke nan za su tuna wasan Nijeriya da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Amunike ya ci mana ɗaya, aka kori ɗan wasan Italiya guda, muna gaba har minti na 88, sai Baggio ya farke, aka shiga ƙarin lokaci ya ƙara ta biyu. Bayan shekara biyu, a Atlanta a 1996, Barazil na cin mu uku da ɗaya saura minti 12 a tashi, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma ci ta huɗu a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe da Ajantina, a minti na 90 Amunike ya ci ta uku. Ban ce gajiya ce kaɗai ta kayar da mu a na farko ba, ko juriya ce kaɗai ta ba mu na biyu, akwai dabara da natsuwa da rabo. Abin da nake so ku lura da shi shi ne lokacin da aka yanke hukunci a wasannin nan uku. A ƙarshen wasa ne, lokacin da ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya yi sama, tunani ya fara rikicewa. Kuma a cikin waccan tawaga ta Atlanta akwai namu, Tijjani Babangida da Garba Lawal. Abin da ya kai Babangida ƙungiyar Ajax ta ƙasar Holan, kowa ya sani, gudu ne. Haka Ahmed Musa, da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2010, ya kuma ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018.

To, yaya ake gina ƙarfi? Girkawan da suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa ya zagaya da shi. Maraƙi na girma, ƙarfinsa na ƙaruwa, har ranar da aka gan shi ɗauke da bijimi. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ƙa'idar da ke cikinsa ita ce har gobe ake aiki da ita: a ɗora wa jiki nauyin da ya ɗan fi wanda ya saba, a ba shi hutu da abinci ya gyara kansa, sannan a ɗan ƙara. (Af, sunan wannan mutum ne aka sa wa Milo ɗin da muke sha da shayi.) Mutane sukan riƙe rabin farko su manta da na biyu. Ba a lokacin atisaye tsoka ke ginuwa ba, a lokacin hutu ne. Saboda haka kwana biyu ko uku a mako sun isa horon ƙarfi, a bar kwana ɗaya tsakani.

Ba sai an gina ɗakin motsa jiki irin na Abuja ba. Yaro ɗan aji ɗaya ko biyu, nauyin jikinsa ya ishe shi: ya tsuguna ya miƙe da baya a tsaye, ya kifa ciki ya dafa ƙasa ya riƙa ɗaga jikinsa da hannuwa, ya kama ƙarfe ko reshe ya ja kansa sama, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya hau benci ya sauko. 'Yan manyan aji kuma a ƙara musu buhun yashi a kafaɗa, da tsohuwar taya su ja, da irin ƙarfen nan da samari ke haɗawa da siminti a gwangwani. Sharaɗi ɗaya ne, a sami malami a tsaye yana duba yadda ake yi, domin ba nauyi ke raunata yaro ba, mugun ɗauka ne da gasar nuna bajinta. Akwai maganar da ta yaɗu cewa ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo. Likitoci sun bincika ba su sami haka ba, matuƙar ana yi da tsari. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar duk yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma sau uku a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi.

Ina da ƙorafi ɗaya a nan, kuma ga mu tsofaffin ɗalibai nake yin sa, musamman waɗanda suka riƙe muƙamai suna manyan aji. A makarantun kwana na ƙasar nan an mayar da motsa jiki hanyar hukunci. Yaro ya makara, tsallen kwaɗo. Bai share ɗaki ba, zagaye fili sau goma da rana tsaka. Yaron da ya shekara uku yana ganin gudu a matsayin azaba, ta yaya za ka ce masa ranar gasa ya fito ya yi gudu da daɗin rai? A nemi wani hukuncin, a bar mana gudu.

Sauri kuwa, a nan ne na fi ganin kuskure, domin hankalin mutum yana ba shi cewa idan yana so ya yi sauri sai ya yi ta gudu har ya galabaita. Abin ba haka yake ba. Man da jiki ke amfani da shi wajen gudu na ƙarshen iyawa ajiya ce 'yar kaɗan a cikin tsoka, ba ta wuce ta daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, kuma tana buƙatar minti biyu zuwa uku kafin ta sake cika. Idan ka sa yaro ya yi mita 30 da iyakar ƙarfinsa, ka ce ya juyo nan take ya sake, to na biyun ba sauri yake koyo ba, jinkiri yake koyo cikin wahala. Horon sauri gajere ne: mita 20 ko 30 ko 40, sau shida zuwa takwas, da cikakken hutu tsakani, kuma a farkon atisaye bayan an ɗumama jiki, ba a ƙarshe ba lokacin da kowa ya gaji. Mai wucewa zai ga yara a tsaye suna hira, ya ce malamin wasanni ba ya aiki. Wannan tsayuwar tana cikin aikin.

Gaskiya ne akwai rabon halitta a sauri, wani da shi aka haife shi. Amma kowane yaro, mai baiwa da marar baiwa, zai ƙara a kan abin da yake da shi idan aka gyara masa yadda yake kaɗa hannu, da yadda yake ɗaga gwiwa, da yadda yake fita daga tsaye, aka kuma ƙarfafa masa cinya da ƙugu. Gudu a kan ɗan tudu, ko a rairayi, yana taimakawa ƙwarai, kuma ba mu rasa ko ɗaya ba a ƙasar nan. Abin da muka rasa shi ne fili mai kyau. Babu yaron da zai saki jiki ya yi gudu alhali yana tunanin tsidau da ƙarangiya da ramin gafiya. Share fili da cike ramuka da daidaita layin mita 100 guda ɗaya tak, ya fi mini sabon kofi.

Juriya ba zan daɗe a kanta ba, domin ita ce yaranmu suka fi kusa da ita. Sai dai a daina tsayawa ga zagaye fili a hankali kawai. A gauraya, a yi minti ɗaya da sauri, a yi biyu a hankali, a sake, kamar yadda wasa yake a zahiri. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da shi a 1968: a ba mutum minti 12, a auna nisan da ya yi. Masu horar da 'yan wasan Barazil sun yi amfani da shi wajen shirin gasar 1970 a Meziko, suka tafi da wuri suka saba da iskar wurin, suka ɗauko kofi. Mutane suna tuna Pele, ba sa tuna watannin da aka yi ana auna numfashi.

Yanzu sai maganar da ta shafe mu fiye da Jamaika da Barazil, wato zafi. A watan Afrilu a ƙasar Sakkwato ma'aunin zafi yakan haura 40. Duk tsarin da aka kwafo daga littafin Turawa ba tare da an duba wannan ba, zai iya kai yaro asibiti. Abin da ya dace shi ne mu bi kalandar makaranta da ta Allah tare. Zangon farko, daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, yara sun dawo daga gona da ƙarfinsu, sai a gina tushe, ƙarfi da juriya. Zango na biyu, cikin sanyi, a matsa wa sauri, a yi gasa kafin bazara ta kankama. Zango na uku, ga zafi ga jarrabawar WAEC da NECO, a sassauta, a riƙe abin da aka samu da atisaye kaɗan bayan sallar asuba ko dab da magariba. Idan an dawo daga dogon hutu kada a fara da ƙarfi, jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Tsohuwar al'adar nan ta hana ɗan wasa ruwa, wai don ya yi tauri ko kada cikinsa ya yi nauyi, a binne ta. A ajiye randa ko duro a bakin fili. Da azumi kuma a rage, a mayar da mai nauyin bayan buɗa-baki.

Akwai abin da ya fi kofi tsada, shi ne ran yaro. Ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana wasa da Angola, bai tashi ba, yana da shekara 25. Bincike ya nuna ciwon zuciya ne. A 2020 ma an yi irin wannan a Lafiya, inda Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ana cikin wasa. Mu kuma ga sikila, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya ke ɗauke da ƙwayarta, da yawa ba su sani ba, kuma matsanancin gudu cikin zafi da ƙishirwa yana iya zama haɗari ga irinsu. Ba cewa nake a hana su wasa ba, a san su dai, a lura da su. Muna da likitoci da ma'aikatan jinya a cikin wannan ƙungiya. Yini ɗaya a farkon shekara, su zo su auna jini da bugun zuciya, su tambayi yaro ko ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana gudu, wannan gudummawa ce da ba a saye da kuɗi.

Targaɗe da tsagewar tsoka su ma ana rage su. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira 11+, ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, aka buga sakamakon a 2014, aka ga raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Kyauta yake a intanet. Abin da ya rage shi ne wani ya zauna ya koya, ya koyar.

Ƙannena, ku matso da kunnuwanku, wannan taku ce. Akwai masu gaya muku cewa ƙarfi yana cikin ƙwaya. Ƙarya ne. Tramadol ba ta ƙara wa tsoka komai, ɓoye maka ciwo take yi har ka ƙarasa lalata gaɓar da ke neman hutu, daga nan kuma ta kama ka. Tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa. Ben Johnson na Kanada ya yi 9.79 a Seoul a 1988, bayan kwana uku aka ƙwace zinariyar. Tamu Blessing Okagbare, a 2022 aka yanke mata dakatarwar shekara goma, daga baya aka ƙara ɗaya. Maganar laya da guru kuwa na bar wa malamai, ni dai ban taɓa ganin layar da ta rage daƙiƙa ɗaya a agogo ba. Abin da ke gina ku yana kasuwar garin nan: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, fura da nono, kifi, ƙwai, zogale. Sai barci na awa takwas zuwa sama, wanda waya ke sace muku.

Kada kuma a ce wannan magana ta maza ce kaɗai. Zinariyar farko da wani ɗan Nijeriya ya ci shi kaɗai a Olamfik, mace ce ta ci, Chioma Ajunwa, da tsallen mita 7.12 a 1996. Tobi Amusan kuma ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. 'Ya'yanmu mata suna iya motsa jiki a wurinsu, da suturarsu, ƙarƙashin malama mace. Lafiyar da za su samu ta isa dalili.

Na san abin da ke ran wasu iyaye: mun kawo yaro karatu, ba wasa ba, kuma cikin dubu nawa ne ƙwallo za ta ciyar? Gaskiyarsu, kaɗan ne. Amma a matsayina na ma'aikacin gwamnati ina ganin wani abu duk shekara. Idan aka buɗe ɗaukar soja ko 'yan sanda ko sauran masu kaki, ko shiga makarantar hafsoshi ta Kaduna, kowace jiha da kasonta, kuma bayan takardu akwai gwajin lafiya da na gudu. Yaro ya zo da sakamako mai kyau, a busa usur, ya kasa kai layi a kan lokaci, ya koma gida. Wannan ba wasa ba ne, abincinsa ne da na iyayensa ya bari a fili. Awa ɗaya da la'asar ba ta rage wa karatu komai, ai ko ba a fili ba, ba a aji ake yin ta ba.

A ofis muna da wata magana, cewa abin da ba ya cikin fayil ba a yi shi ba. Wa zai iya gaya mana, a yawancin makarantun jihar nan, daƙiƙa nawa zakaran mita 100 na shekara goma da suka wuce ya yi? Sai dai a ce wane ya iya gudu kamar barewa. To barewa ba ta shiga rijista. Idan babu awo, ba za a san ko ana ci gaba ba, kuma babu abin da za a nuna wa mai zaɓen 'yan wasan jiha idan an je filin Giginya.

Saboda haka ga abin da nake roƙon wannan taro. A cikin kuɗin da aka ware, a fara da gyaran fili, da agogon auna gudu guda biyu, da tef na awo, da babban littafin rijista mai bango mai ƙarfi. A farko da ƙarshen kowane zango a auna kowane ɗalibi, ba 'yan tawagar makaranta kaɗai ba, a gudun mita 30, da tsalle daga tsaye, da gudun minti 12, a rubuta. A ɗauki nauyin malamin wasanni ya je kwas na ɗan lokaci, ko a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko inda ya fi kusa, da sharaɗin ya dawo ya koyar da wasu malamai biyu, don kada canjin wurin aiki ya tafi da ilimin. A kafa ƙarfen lilo biyu ko uku, maƙeran garin nan za su iya. Likitocinmu su ba mu rana. Kyautar da za mu bayar kuma a raba ta biyu, rabi ga wanda ya zo na ɗaya, rabi ga wanda littafi ya nuna ya fi kowa ƙaruwa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, domin wannan ita ce kyautar da ko ɗan aji ɗaya zai sa rai da ita. Idan an sami ragowa, a sayo riguna. Kofi kuwa ya jira baɗi, lokacin da sakatare zai zo mana da littafin nan ya karanta mana lambobin da ke ciki.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, ina roƙon a sa wannan shawara cikin waɗanda za a kaɗa wa ƙuri'a bayan sallar azahar.  Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.